Haɗa Bayanan Lafiya Iri Daban-daban da Taƙaita Su

Gabatarwa

A cibiyoyin lafiya na matakin farko da ke Wagini da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Batsari da Safana, ma'aikata kan rubuta sakamakon gwajin zazzaɓin cizon sauro, da nauyin yara, da awon damtsensu, da allurar rigakafi, da awon ciki. A ƙarshen wata ake shigar da jimillar a manhajar DHIS2 wadda Jami'ar Oslo ta samar. Bayanan suna da yawa, kuma kowanne da ma'auninsa. Saboda haka masana kan haɗa su, su taƙaita su zuwa ma'aunai kaɗan.

Yadda ake yi

Da farko ana daidaita ma'aunan, domin kada kilo ya danne santimita a lissafi. Sannan kwamfuta ta nemo alƙaluman da ke hawa ko sauka tare. Misali, inda tamowa ta yi yawa, nauyin yara da kaurin damtsensu da ƙarfin jininsu sukan ragu tare, sai a dunƙule su a ma'auni guda. Masanin lissafi Karl Pearson na Ingila ne ya aza tubalin wannan hanya a 1901.

Misali a Nijeriya

A binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar, an gwada jinin yara domin zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini da sikila. An kuma tambayi magidanta game da rufin ɗaki, ruwan sha, makewayi da dabbobi. Da wannan hanya aka mayar da amsoshin ma'auni guda na wadata, aka kasa gidaje kashi 5, aka gwama da sakamakon jinin.

Iyakarta

Taƙaitawa kan zubar da wasu bayanai. Tana nuna halin yanki, ba ta yanke hukunci kan majinyaci. Yaron da damtsensa bai kai santimita 11.5 ba, a kai shi asibiti nan take.

Kira

Muna kira ga ma'aikatan lafiya da su cike rajista a kan lokaci, ba tare da ƙari ko ragi ba. Muna kuma roƙon hakimai da dagatai da masu unguwanni su shawarci magidanta su bai wa masu bincike amsar gaskiya. Garin da ba a rubuta halinsa daidai ba yana iya rasa kasonsa idan aka zo rabon magani.