Niyutirino: ƙwayar da ake wa tarko a cikin ƙanƙarar Antatika

Niyutirino wata mitsitsiyar ƙwaya ce wadda ta fi ƙwayar zarra ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ba ta da cajin lantarki, nauyinta kuma bai taka kara ya karya ba, shi ya sa take ratsa dutse da ƙarfe, kai har duniya sukutum, ba ta taɓa komai ba. Yanzu haka tiriliyoyinta na wucewa ta jikinka kowace daƙiƙa, yawanci daga rana.

To amma masu tsananin ƙarfi da ke zuwa daga can nesa su ne abin nema. Tun 1912 aka san akwai wasu ƙwayoyi masu caji da ke faɗo wa duniya daga sararin samaniya, sai dai maganaɗisun da ke hanya yana karkatar da su, sawunsu ya ɓace. Ita kuwa niyutirino miƙe take tafiya. In ka kama ta, ka ga inda ta fito.

Kamun ne fa aiki. A tsakiyar Antatika, masana ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Wisconsin ta Amurka sun huda ƙanƙara da ruwan zafi, suka zura igiyoyi 86 ɗauke da na'urorin gano haske 5,160, a zurfin mita 1,450 zuwa 2,450. Sunan wurin IceCube, an gama shi a Disambar 2010. Jefi-jefi niyutirino ɗaya takan yi karo da zarra a cikin ƙanƙarar, sai a samu walƙiyar shuɗin haske, na'urorin su auna ƙarfinsa da inda ya dosa. Akasarin abin da ke faɗawa tarkon ma a iskar duniyarmu ake haifarsa, sai an tace.

A 2013 suka sanar da guda 28 masu ƙarfin gaske. Ranar 22 ga Satumba 2017 aka kama wata, nan take aka aika wa masu madubin hangen taurari saƙo. Da suka juya wajen, sai ga wani gungun taurari, TXS 0506+056, mai ƙaton baƙin rami a tsakiya, yana cikin feso wuta. Haskensa kan yi shekara kusan biliyan 4 kafin ya iso nan. A 2022 aka samu shaida kan gungun NGC 1068, a 2023 kuma kan namu gungun.

Duk da haka, waɗannan kaɗan ne daga abin da ake kamawa. Sauran ana nan ana bin sawu. Turawa ma na kafa nasu tarkon, KM3NeT, a ƙasan tekun Bahar Rum, kuma a Fabrairun 2023 ya kama wadda ta fi duk na baya ƙarfi, tun ba a gama gina shi ba.