Hanyar Inabi ta Cape da Hannuwan da Suka Gina Ta

'Yan uwa marubuta, a wannan makon za mu leƙa ƙarshen kudancin nahiyarmu. Masu yawon buɗe ido kan ɗauki mota daga birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, su bi titin Chapman's Peak da aka sassaƙa a jikin dutse a bakin teku, su ci gasasshen kifin snoek a Hout Bay, sannan su nufi gonakin Stellenbosch ɗanɗana giyar inabi. Mu abin da ya ja hankalinmu shi ne mutanen da wannan jin daɗi ya tsayu a kan guminsu.

A 1652 kamfanin kasuwancin Holan ya turo Jan van Riebeeck ya kafa zango inda jiragen ruwa masu zuwa Asiya za su riƙa ɗibar ruwa da abinci. Ya dasa inabi, a watan Fabrairun 1659 aka matse giyar farko. Shekara ɗaya kafin nan, a 1658, jirage sun sauke bayi daga Angola da gaɓar Yammacin Afirka. Daga baya aka riƙa kawo su daga Madagaska, Mozambik, Indiya da tsibiran Indonesiya. Simon van der Stel ya kafa Stellenbosch a 1679, kuma gonakin sun bazu a ƙasar da Khoikhoi suke kiwo.

An soke bauta a 1834, amma sai 1838 aka saki bayin. Ko bayan haka manoma sun ci gaba da biyan wani ɓangare na ladan ma'aikata da giya, tsarin da ake kira dop. Doka ta hana shi a farkon shekarun 1960, amma ya daɗe bai mutu ba, ya bar shaye-shaye gado a gidaje da yawa. Shi kansa titin Chapman's Peak fursunoni ne suka fasa duwatsunsa, daga 1915 zuwa 1922.

Abincin ma yana da nasa labarin. Bobotie, wato niƙaƙƙen nama mai kayan ƙamshi da ake gasawa da ƙwai da madara a sama, da koesister, soyayyen fulawa da ake tsomawa a ruwan sukari a barbaɗa kwakwa, sun shahara ne a hannun zuriyar bayin da waɗanda aka koro daga Gabas. Da yawansu Musulmi ne. An koro Shehu Yusuf na Makassar zuwa Cape a 1694, aka kafa masallacin Auwal a unguwar Bo-Kaap a 1794. A makarantun al'ummar an rubuta harshen Afrikaans da haruffan Larabci, kamar yadda magabatanmu suka rubuta Hausa da ajami.

Sai a 1971 aka buɗe hanyar giya ta Stellenbosch don baƙi. Takardun talla sun fi ambaton sunan mai gona da shekarar da ya gina gidansa. Idan mun zauna rubuta labarin tafiya, ko na Cape ko na kasuwar garinmu, kada mu tsaya ga abin da aka ajiye mana a faranti. Mu tambayi wa ya noma, wa ya dafa, nawa aka biya shi. Idan ba mu tambaya ba, talla muka rubuta, ba tarihi ba.