Fantrainer: Jirgin da Ya Ci Jarrabawa Ya Rasa Kasuwa

A tarihin ƙera jiragen sama, akwai waɗanda aibinsu ya kashe su, akwai kuma waɗanda kasuwa ce ta juya musu baya. A rukuni na biyu nake sanya Fantrainer, jirgin koyon tuƙi da kamfanin Rhein-Flugzeugbau na Jamus ta Yamma ya ƙera bisa zanen injiniya Hanno Fischer, wanda ya fara tashi a shekarar 1977.

Hikimarsa tana ga mazaunin farfelarsa. Fischer ya ɗauke ta daga hancin jirgi, ya killace ta cikin wani faffaɗan zobe a bayan kujerun matuƙa. Da haka ɗalibi kan zauna gabansa a buɗe, jirgin kuma ya bi hannunsa kusan tamkar jet, alhali man da yake sha bai kai na jet ba. Na farkon da aka gwada yana da injinan Wankel guda biyu, daga baya aka koma ga injin Allison 250.

A 1978 rundunar sojan saman Jamus ta gwada shi domin maye gurbin Piaggio P.149. Ya yi zarra, amma ba a saye shi ba. Tailan ce ta yi odar guda 47 a 1982, kuma a can aka harhaɗa akasarinsu. Duk abin da aka ƙera bai wuce kusan 50 ba, yayin da Pilatus PC-7 na Suwizalan da Tucano na Birazil suka sayu ɗaruruwa.

Masu iya magana sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Tsadar horar da matuƙin jet ce ta sa masoya Fantrainer ba su manta da shi ba. A wajajen 2010 kamfanin Fanjet Aviation ya mallaki zane-zanensa da nufin dawo da shi da sunan Fanjet 600, da na'urorin zamani.

Ina jinjina wa wannan himma. Sai dai a ganina, tarihin jirgin ya riga ya nuna inda gizo yake saƙar. Jirgi yana bukatar lasisin hukuma, da kayan gyara, da rundunar da za ta saye shi da yawa. Yabo kam Fantrainer ya sha shi tun 1978. Duk mai son ya ga ya sake tashi daga masana'anta, to ya fara nemo masa mai saye.