Wa ya zaɓi ranar da ake cire maka kuɗi? Tarihin biyan wata-wata

1/ Ka taɓa farkawa da asuba ka ji alat ya shigo, har ka fara murmushi, kana dubawa ka ga ashe cirewa aka yi? Wata manhajar kallon fim ce da ka manta ka taɓa saka mata katinka. Albashi kuma saura kwana huɗu. To wa ya zaɓi wannan ranar? Ku gyara zama, zaren yana da ɗan tsawo 🧵

2/ Mu fara da kalmar "kalanda" da muke ratayewa a bango. Asalinta daga tsohuwar daular Rum ne. Ranar farko ta kowane wata suna kiranta Kalendae, kuma a ranar ce mai bin bashi yake zuwa karɓar kuɗin ruwansa. Littafin da yake rubuta sunayen waɗanda yake bi kuwa sunansa kalendarium.

3/ Ka ga ke nan, kafin kalanda ta zama takarda mai hoton ɗan takara, littafin bashi ce. Rumawa har habaici suke da shi: idan mutum ba shi da niyyar biya, sai a ce zai biya ranar Kalendae ta Girkawa. Girkawa kuwa ba su da wannan rana a lissafinsu. Wato dai sai ranar da babu.

4/ Mu tsallaka Bagadaza, zamanin Abbasiyawa. Ana fara karɓar harajin gona ne a ranar Nairuz, sabuwar shekarar Farisawa. Matsalar ita ce kalandar kwana 365 ce cif, ba a ƙara mata kwana ɗaya duk shekara huɗu. A hankali ranar ta yi ta matsowa baya, har ta riƙa zuwa amfanin gona bai nuna ba.

5/ Ka yi tunanin manomi: hatsi yana ɗanye a gona, mai karɓar haraji yana bakin ƙofa. Ko ya ci bashi, ko ya sayar da abin hannunsa a wulaƙance. A shekarar 895 Halifa Mu'utadid ya ɗage ranar zuwa 11 ga Yuni, bayan an samu abin biya. Gyara RANA kaɗai ya isa ya sauƙaƙa wa talaka.

6/ Ku riƙe wannan darasin, don shi ne ƙashin bayan zaren: adadin kuɗi ɗaya yana iya zama da sauƙi ko ya zama masifa. Ya danganta da ko ranar biya ta zo bayan ranar samu, ko ta riga ta.

7/ A Ingila kuma, shekaru aru-aru ranaku huɗu ne na biyan kuɗin haya da ɗaukar barori aiki: 25 ga Maris, 24 ga Yuni, 29 ga Satumba da 25 ga Disamba. Kowa ya san su, daga mai gida har ɗan haya. Ta 25 ga Maris ɗin ma ita ce farkon shekara a hukumance.

8/ Sai 1752 ta zo. Birtaniya ta koma kalandar da muke amfani da ita yanzu, aka tsallake kwana 11. Mutane sun kwanta daren 2 ga Satumba, suka wayi gari 14 ga Satumba. Tambaya: ɗan haya zai biya kuɗin wata uku cikakku alhali an yanke masa kwana 11?

9/ Dokar ta hango rigimar. Ta ce ba za a gaggauta wa kowa biyan haya ko bashi ba, a ƙirga ainihin kwanakin. Don haka lissafin da yake kan 25 ga Maris ya matsa zuwa 5 ga Afrilu. Saiwar abin ke nan da ya sa har yau shekarar harajin Birtaniya take farawa 6 ga Afrilu.

10/ A ƙarni na 19 talakawan birni suka shigo lissafi. Kamfanin inshora na Prudential, wanda aka kafa a Landan a 1848, ya fara sayar wa leburori inshora a 1854. Tunda mako-mako ake biyan lebura, wakilin kamfani shi ma mako-mako yake bin gida-gida yana karɓar kwabo-kwabo.

11/ Wannan bai kamata ya ba mu mamaki ba. Uwar adashi ba ta karanta tarihin Landan ba, amma ta san ta sa zubi ranar kasuwa ko ƙarshen wata, lokacin da kuɗi yake hannun mutane. Kuma idan ba ka da shi, ido da ido ne: "Hajiya, a yi mini haƙuri zuwa jibi." Akwai wanda za ka roƙa.

12/ Canji na farko mai girma ya zo ne daga Amurka. A 1926 aka kafa Book-of-the-Month Club a New York, ƙungiyar da take aika wa mambobinta littafi duk wata. Dabarar da ta yi suna da ita: za a sanar da kai littafin watan, idan ba ka mayar da amsa cewa ba ka so ba, sai littafi ya iso da takardar biya.

13/ Ka lura da abin da ya faru a nan. Da, sai ka ce "ina so" a sayar maka. Yanzu shirunka ya zama amincewa. Masu sayar da faifan waƙa irin su Columbia Record Club, da aka buɗe a 1955, suka ɗauki salon. Ƙorafi ya yi yawa har hukumar kula da cinikayya ta Amurka, FTC, ta yi masa ƙa'ida a 1973.

14/ Amma har lokacin kai ne kake kai kuɗin da hannunka. Canji na biyu ya zo ne ta dalilin askirim, wallahi ba wasa ba 😅 A Birtaniya, kamfanin Unilever yana fama da karɓar kuɗi daga dubban ƙananan shaguna masu sayar da askirim ɗinsa, kowa da ranar da ya ga damar biya.

15/ Wani ma'aikacinsu, Alastair Hanton, ya kawo shawara: mai shago ya sa hannu sau ɗaya, ya ba kamfani izinin cirar kuɗin kai tsaye daga asusunsa na banki duk lokacin da biya ya yi. An fara a 1964. A 1968 bankunan ƙasar suka kafa cibiyar kwamfuta ta haɗin gwiwa, wadda ake kira Bacs yanzu.

16/ Daga nan labari ya sha bamban. Da kai ne mai miƙawa, yanzu su ne masu ɗauka. Babu ƙwanƙwasa ƙofa, babu "dawo jibi". Shi ya sa Birtaniya ta haɗa tsarin da lamuni: a sanar da kai tun da wuri idan adadi ko rana za su canza, kuma idan an cire bisa kuskure banki ya mayar maka nan take.

17/ Haɗa biyun, shiru ya zama amincewa da cira kai tsaye, sai ka samu duniyar da muke ciki. Netflix ya fara karɓar kuɗin wata-wata a 1999, tun yana aika faifan DVD ta gidan waya. A 2013 Adobe ya daina fitar da sabon Photoshop na saye sau ɗaya, ya koma haya. Ba ka mallaka, kana dai biya.

18/ To yaya suke zaɓar ranar? Hanya biyu ce. Ta farko: ranar da ka shiga ita ce ranarka. Ka yi rajista 17 ga wata, duk 17 ga wata za a cire. Wannan ya fi wa kamfani sauƙi, don kuɗi yana shigowa kullum, aiki bai taru a rana ɗaya ba.

19/ Ta biyu: a tsayar wa kowa rana ɗaya, misali 1 ga wata. Wanda ya shiga a tsakiya sai a yi masa lissafin kwanaki. Misali kuɗin wata ₦3,000 ne, watan mai kwana 30, ka shiga ranar 21. Saura kwana 10, don haka ₦1,000 za ka fara biya. Ka tuna ɗan hayan 1752? Ƙa'idar ce dai ba ta canza ba.

20/ Wanda ya yi rajista 31 ga Janairu fa? Ai Fabrairu ba ta da 31. Abin da irin su Netflix suke yi shi ne su cire a ranar ƙarshe ta watan, 28 ko 29. Shekara dubu biyu bayan Rumawa, har yanzu masu rubuta manhaja suna kokawa da gajeren watan da suka bar mana gado.

21/ Yanzu ga inda wayon yake. Menene "wata"? Idan kamfani ya ce watansa kwana 28 ne, lissafa: 28 sau 13 ya ba da 364. Wato sau 13 za ka biya a shekara maimakon 12. Farashin da ke kan talla bai motsa ba, amma an ƙara maka sama da kashi 8 cikin 100 ba ka ji ba.

22/ Ba ƙirƙira na yi ba. Manyan kamfanonin waya na Italiya sun koma lissafin kwana 28, jama'a suka yi ca, a ƙarshen 2017 majalisa ta yi dokar da ta tilasta komawa cikakken wata. A Indiya ma, a Janairun 2022 hukumar sadarwa TRAI ta umarci kamfanoni su samar da tsarin kwana 30, da wanda ake sabuntawa a rana ɗaya kowane wata.

23/ Mu da muke sayen data ta kwana 30, namu bai kai haka ba, amma akwai shi. 30 sau 12 ya ba da 360, saura kwana 5 a shekara. Cikin shekara shida ka biya wata guda na ƙari. Shi ya sa ranar ƙarewar datarka take ja da baya a hankali, kamar Nairuz ɗin manoman Bagadaza, har ta riga albashi.

24/ Indiya ta ƙara da wani abu. Daga Oktoban 2021 babban bankinta ya ce dole a turo maka saƙo aƙalla awa 24 kafin a cire kuɗin wata-wata daga katinka, tare da damar ka ce a'a. Wato sun dawo da ƙwanƙwasa ƙofar da aka soke tun 1964.

25/ A Amurka kuwa faɗan bai ƙare ba. FTC ta kai Amazon kotu a 2023 kan zargin shigar da mutane tsarin Prime ba su ankara ba, da wahalar da masu son fita. A Satumban 2025 aka sasanta kan dala biliyan 2.5, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Biliyan 1.5 daga ciki na mayar wa jama'a ne.

26/ Amma dokar da hukumar ta yi a 2024, wadda ta ce fita ta zama da sauƙi kamar shiga, kotun ɗaukaka ƙara ta soke ta a Yulin 2025, kafin ta fara aiki sosai. Idan a can ma haka ake fama, kai da kake Kano ko Maraɗi kada ka jira wani ya tsare maka aljihu.

27/ Abin yi kaɗan ne. Buɗe tarihin asusunka na wata uku, ka rubuta duk abin da yake cirar kuɗi da kansa da ranarsa. Wanda ba ka amfani da shi, soke shi yau. Gwajin kyauta kuwa, ka sa tunatarwa a waya kwana biyu kafin ya ƙare, don shirunka suke jira.

28/ Wanda kake so kuma, duba ko suna bari a canza ranar biya. Idan ba sa bari, soke shi, ka bari ya ƙare, ka sake shiga kwana ɗaya ko biyu bayan albashi ko ranar cinikinka. Abin da sai da halifa ya sa hannu kafin manomi ya samu, kai da yatsa ɗaya za ka yi shi.

29/ Nan zan tsaya. Ku faɗa mini a ƙasa: wace cira ce ta taɓa shammatarku, kuma ran nawa ga wata ta faɗo? Kuma don Allah a tura wa abokin nan namu da har yanzu yake biyan kuɗin manhajar koyon Faransanci, alhali tun azumin bara bai buɗe ta ba.