Shehu Shagari: manomin da ya mulki Najeriya, ya koma gona

1/ Zaren yau na tarihi ne, kan Alhaji Shehu Usman Aliyu Shagari, Turakin Sakkwato. Yawancinmu a aji muka san shi: shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983, soja suka kifar da shi, shi ke nan. Ni yau ta fuskar noma da gida nake so mu kalle shi. Zaren na da ɗan tsawo, ku biyo ni a hankali. 🧵

2/ Daga Sharabi nake rubutu, ƙaramar hukumar Bagudo, nan bakin iyakar Benin. Wani zai ce me ya haɗa ɗan Kebbi da Shagari? To, kafin 27 ga Agusta 1991 babu jihar Kebbi, dukkanmu jihar Sakkwato muke. Shi ya sa in dattawanmu na hirarsa, hirar ɗan gida suke yi.

3/ An haife shi ranar 25 ga Fabrairu 1925 a garin Shagari. Mahaifinsa Aliyu shi ne Magajin garin, kuma manomi ne, makiyayi, ɗan kasuwa. Shehu na ɗan shekara biyar ya rasu. Yayansa Bello ya gaji sarautar, ya ci gaba da riƙon gidan. Wato shi kansa Shagari maraya ne da zumunci ya rena.

4/ Bayan karatun allo ya yi elemantare a Yabo, midil a Sakkwato, sannan Kwalejin Kaduna, wadda yau muke kira Barewa. Ya dawo ya zama malamin makaranta a Sakkwato. A farkon shekarun 1950 ya riƙe hedimasta a Argungu. Kun ga kenan, ƙasar Kebbi ta san shi da alli a hannu tun kafin a san shi a Legas.

5/ A 1954 aka zaɓe shi ɗan majalisar wakilai ta tarayya. Ya zama sakataren majalisa na Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa, daga nan ya riƙe ma'aikatu da dama, har da harkokin cikin gida da ayyuka. A 1962 Sarkin Musulmi Abubakar na III ya naɗa shi Turakin Sakkwato.

6/ Sai juyin mulkin Janairu 1966. Aka kashe Tafawa Ɓalewa, aka kashe Sardauna. Shagari na minista a lokacin, Allah ya tsare shi. Ina ya nufa? Gida. Ya koma gonarsa, ya kuma shiga aikin faɗaɗa makarantun firamare a lardin Sakkwato. Ku riƙe wannan, komawarsa gona ta farko kenan.

7/ Bayan yaƙin basasa Janar Gowon ya kira shi a 1970, a 1971 ya karɓi ma'aikatar kuɗi bayan Cif Awolowo ya sauka. Ya riƙe ta har 1975. A 1979 jam'iyyar NPN ta tsayar da shi, ya ci zaɓe, Kotun Ƙoli ta tabbatar bayan shari'ar nan ta "sha biyu da biyu bisa uku". Ranar 1 ga Oktoba 1979 aka rantsar da shi.

8/ To yanzu manomi ya hau kujera. Abin da kowane talaka zai yi tsammani shi ne noma ya samu uba. Kuma gaskiya da niyyar ya zo. A 1980 ya ƙaddamar da shirin bunƙasa noma da aka sa wa suna Green Revolution: taki, ingantaccen iri, taraktoci, noman rani, da burin ƙasar ta ciyar da kanta.

9/ Amma tarihi ba ya son a ba da rabinsa. A wannan shekarar dai, ƙarshen Afrilu 1980, aka yi abin da ake kira kisan Bakolori, kusa da Talata Mafara. Yau wurin jihar Zamfara ne, a lokacin jihar Sakkwato ce, tamu. Da yawa cikin matasanmu ba su taɓa jin sunan ba ma.

10/ Ga yadda abin yake. An gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato a shekarun 1970, zamanin mulkin soja, kamfanin Impresit na Italiya ya yi aikin. Ruwa ya cinye ƙauyuka da gonaki. Wasu gonakin aka karɓe don a share a yi magudanai, masu su suka rasa damina bayan damina. Diyya kuma ta zama rigima.

11/ Da manoman suka gaji da jira, suka tare hanyoyin shiga wurin aikin. Aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka buɗe wuta. Hukuma ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu. Masu bincike da mutanen yankin suka ce sun haura 380. Shugaban ƙasa a ranar Shagari ne, gwamnan jiha kuma Shehu Kangiwa, ɗan ƙasar Kebbi ta yau.

12/ Ba shi ya fara aikin madatsar ba, gadonsa ya yi. Amma 'yan sandan na gwamnatinsa ne, waɗanda suka mutu kuma manoma ne irinsa, magidanta masu mata da 'ya'ya. In za mu yi wa Turaki addu'a, su ma suna da haƙƙin a ambace su. Allah ya jiƙansu.

13/ Abu na biyu, kuma wannan ya fi taɓa mu 'yan Bagudo: shinkafa. Ana shelar bunƙasa noma a rediyo, jiragen ruwa kuma na sauke shinkafar waje a Legas. Gwamnati ta kafa kwamiti na musamman kan shinkafa ƙarƙashin Umaru Dikko, ministan sufuri. Lasisin shigo da ita ya zama hanyar arzikin 'yan siyasa da 'yan kwangila.

14/ Ku duba lissafin. Kuɗin mai ya yi yawa, naira na da ƙarfi, don haka buhun da ya taso daga ƙetare ya fi wanda aka noma a fadama araha. Wa zai sayi taka? Manomi ya sha rana, ya sha tsuntsu, ya sha sussuka, a kasuwa kuma a ce tasa na da tsakuwa. Matasa da yawa a nan suka ajiye fartanya suka nufi birni.

15/ Daga 1981 farashin mai ya faɗi. A 1982 aka shiga tsuke bakin aljihu, kayan masarufi suka fara ɓacewa. Ya sake cin zaɓe a 1983 cikin ƙorafin maguɗi, sai ranar 31 ga Disamba 1983 soja suka karɓe, Manjo Janar Muhammadu Buhari ya zama shugaba. Aka tsare Shagari.

16/ Ya shafe fiye da shekara biyu a tsare. A 1986, zamanin Janar Babangida, kwamitin shari'a ya binciki lamarinsa bai same shi da laifin wawure dukiya ba. Aka sake shi, aka haramta masa siyasa, aka taƙaita shi a garinsu. Komawarsa gona ta biyu kenan, yana da shekara 61.

17/ Nan ne nake ganin asalin ƙaunar da mutane ke masa. Mutumin da ya riƙe baitulmalin ƙasa shekara huɗu lokacin da kuɗin mai ke kwarara, ya kuma yi shugaban ƙasa shekara huɗu, ya dawo cikin danginsa ya zauna. Bai yi gudun hijira ba. Gona, masallaci, baƙi, jikoki. Haka ya yi sama da shekara talatin.

18/ Kuma bai mayar da tsufansa wurin zage-zage ba. Ya rubuta tarihin rayuwarsa, Beckoned to Serve, wanda ya fito a 2001, ya faɗi nasa ɓangaren. Yana halartar taron majalisar ƙoli ta ƙasa, inda yakan zauna ɗaki ɗaya da mutanen da suka kifar da shi. Ku auna wannan da yadda muke faɗa a nan kan magana ɗaya, har a yi shekara ba a gaisawa. 😅

19/ Ta fannin gida kuwa, babban ɗansa Bala ya yi soja har muƙamin kyaftin, daga baya ya zama Sarkin Mafaran Shagari. Wato riƙon garin da yayansa Bello ya yi yana yaro ya ci gaba a cikin zuri'ar. Jikansa Bello, wanda ya shugabanci majalisar matasa ta ƙasa, shi ya sanar da rasuwarsa a Twitter.

20/ Ya rasu ranar 28 ga Disamba 2018 a Asibitin Ƙasa da ke Abuja, yana da shekara 93. Washegari aka yi jana'izarsa a Shagari, garin da aka haife shi. Shugaban ƙasa a lokacin Buhari ne, wanda ya karɓi mulki daga hannunsa. Ya ba da umarnin sassauto da tuta, ya kuma je Sakkwato ta'aziyya. Duniya kenan.

21/ Me ya sa nake kawo wannan daga bakin iyaka? Saboda rigimar shinkafar zamaninsa ba ta ƙare ba, a ƙofar gidanmu ma take. Shinkafar Tailan da Indiya na sauka tashar Kwatano, ta ratso Benin, ta shigo ta hanyoyin daji wajen Tsamiya da Lolo. Mu kuma ga fadamar Neja a gabanmu, ita muke nomawa.

22/ A Nuwamba 2015 a jihar Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki, Anchor Borrowers. A Agusta 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, shinkafar gida ta yi daraja, amma masu ƙaramin fatauci tsakaninmu da Benin suka sha wuya. A 2020 ambaliya ta shafe gonaki a nan Bagudo. A Yuli 2024 aka sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150.

23/ Yau a buɗe, gobe a rufe. Manomi na shuka bai san farashin da zai tarar ranar girbi ba, alhali taki da man injin ban-ruwa ya riga ya ci bashinsu. Abin da na ɗauka daga labarin Turaki shi ne: shugaba ya zama manomin kirki bai wadatar ba. Shagari na son noma da zuciyarsa, duk da haka lasisin shinkafa da bindigar Bakolori a mulkinsa suka faru.

24/ Don haka in ɗan takara ya zo mana da hoton kansa a gona, riƙe da fartanya sabuwa fil, mu yi masa tambayoyi. Nawa taki zai kai? Wa zai sayi shanshera in an girbe? In aka karɓi gonar mutum don aikin gwamnati, yaushe za a biya shi, kuma nawa? Mutanen Bakolori wannan tambayar ta ƙarshe suka yi.

25/ Ga ɗan aiki gare ku. Duk wanda kakansa ko kakarsa ke raye, ku zauna yau ku tambaye su: nawa ne buhun shinkafa zamanin Shagari, wace iri suke ci, me suka ji game da Bakolori? Ku naɗa a waya, ku ajiye mana a ƙasan zaren nan. 'Yan Talata Mafara da Maradun, musamman ku nake jira.

26/ Allah ya jiƙan Alhaji Shehu Shagari, ya yafe masa kurakuransa, ya sa Aljanna ce makoma. Allah ya jiƙan manoman Bakolori da iyayenmu da suka riga mu. Masu shirin noman rani, Allah ya ba da amfani mai albarka. Amin. 🤲