Tsarkake ruwa da haske da bakteriya

Tsarkake ruwa da haske da bakteriya hanya ce ta kawar da guba daga gurɓataccen ruwa, inda ayyuka biyu ke gudana a tanki ɗaya. Ana zuba ƙananan soso masu ramuka, waɗanda aka shafe bayansu da sinadarin TiO₂. Idan haske ya bugi sinadarin, sai ya farfasa dafin da ke da wuyar ruɓewa, kamar rini da maganin ƙwari. Bakteriyar kuwa tana laɓe can cikin ramukan inda hasken ba ya kai mata, tana cinye ɓurɓushin nan take.

Tushen aikin shi ne binciken Akira Fujishima da Kenichi Honda na Japan, wanda aka buga a 1972. A 2008 Michael Marsolek da Bruce Rittmann da abokan aikinsu a Amurka suka nuna cewa haɗin hasken da bakteriyar yana aiki.

Yumɓu na cikin abubuwan da ake ɗora TiO₂ a kai. Farar ƙasar Ƙanƙara a Jihar Katsina, wadda nau'in yumɓu ce, ta sha bincike a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, musamman wajen haɗa ziyolait, ma'adinin da ke tsotse datti daga ruwa.