Yaƙin Turawa, Kukan Kakata

'Yan uwana mata, kakata ce ta ba ni wannan labari a Gangara.

A 1940 Jamus ta ci Faransa, Faransawa suka dare biyu. Cadi ta bi Janar Digol, abokin Ingila. Nijar kuwa ta tsaya wa gwamnatin Bishi mai bin Jamus. Shi ke nan fa, Gobirawan Sabon Birni da na Tsibiri, uwa ɗaya uba ɗaya, suka wayi gari an tsananta tsaron iyaka tsakaninsu.

Yayarta ta haihu a Tsibiri, ko suna ba ta je ba. Sai bayan Nuwamba 1942, da babban gwamnan Dakar ya juya wa Bishi baya, ta ga yaron. Har yana gudu!

Su can suna sasantawa a takarda, mu nan zumuncinmu ke tsinkewa. Allah Ya kyauta.